Kafin ka nemi bizar Dubai, ka taɓa rubuta Na'ibawa?

Duk sanda wani abokinmu ya samu tafiya Umara, ko aka tura shi bautar ƙasa Kalaba, abu ɗaya ne yake cika mana waya: hoton tagar jirgi, hoton farantin abinci, hoton ƙafa a bakin teku, sai a rubuta a ƙasa an sauka lafiya. Mu kuma mu yi ta zuba laik da fatan alheri. Ba laifi ba ne. Amma na san a cikin masu zuba laik ɗin akwai kai, wanda yake cewa a ransa, ni da zan samu irin wannan tafiyar, da na rubuta abin da duniya za ta karanta, har ma a biya ni.

To, yau da kai nake. Ana biyan mutane kuɗi su yi tafiya su rubuta abin da suka gani, wannan gaskiya ne, kuma akwai 'yan Najeriya da suke cin abinci da shi. Lola Akinmade Åkerström, 'yar Najeriya mazauniyar Suwidin, da rubutu da hoton tafiye-tafiye ta yi suna har ayyukanta suka fito a National Geographic. Sai dai inda matasanmu suke kuskure shi ne zaton tikitin jirgi ne farkon sana'ar. Kana zaune a Unguwa Uku ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Sheka kana jiran ranar da za a buga maka biza, alhali labarin da edita zai iya saya a hannunka yana sauke kaya kowace safiya a titin Zariya, kuɗin ɗan sahu ne kawai tsakaninku.

Je ka 'Yan Lemo bayan asuba

Ka daure ranar Asabar, kana idar da sallar asuba kar ka koma barci. Ka tafi kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa. Kar ka fito da waya tukuna, ka nemi teburin mai shayi ka zauna. Za ka ga manyan motoci maƙare da lemo daga Binuwai, ayaba da abarba daga Kudu, kankana an jibge ta kamar duwatsu. Za ka ga 'yan dako da masu baro suna kai-kawo, dillalai suna ciniki da ido da yatsu, masu sari sun zo daga unguwanni da ƙauyuka, ga ƙamshin sabon lemo ya gauraya da tsamin wanda ya ruɓe a hanya. Kusa da nan ga 'Yan Katako, inda itacen da aka saro daga dazukan Kudu yake zama ƙofa da gado da rufin gidan amarya. Ga kuma tasha, 'yan kamasho suna ta kiran Zariya, Kaduna, Abuja.

Yanzu ka dubi direban da ya sauko daga kan motar lemon nan, idonsa ja wur, yana wanke fuska da buta. Wannan bawan Allah ya yi tafiyar da ta fi ta abokinka mai hoton tagar jirgi wuya da labari, kuma yana yin ta kusan kowane mako. Babu wanda ya taɓa zama ya tambaye shi. Shinge nawa ya wuce daga gonar zuwa nan? A kowane shinge me ya bayar? In motar ta lalace a daji lemon ya kwana biyu cikin zafi, wa yake ɗaukar asarar, manomin da ya sayar, ko mai kayan, ko shi direban? Da wane yare yake ciniki da manomin Tibi? Ina yake kwana, me yake ci, wane gari ne yake gudun dare ya yi masa a cikinsa? Me ya sa da azumi ya kama sai farashin ya tashi, kuma kuɗin da aka ƙara aljihun wa yake shiga?

Kowace tambaya a nan labari ce. In ka samu direban da ya yarda da kai, ya ɗauke ka a gaban mota ka bi shi zuwa Binuwai ku dawo tare, ka riga ka yi rubutun tafiya irin wanda baƙo daga Landan ba zai iya yi ba ko da nawa aka ba shi. In ma ba ka da halin bin sa yanzu, mako uku kana zuwa kasuwar kana sauraro ya ishe ka rubuta labarin hanyar ta bakin masu bin ta.

Ba yau Bahaushe ya fara wannan ba

Kar wani ya ce maka rubutun tafiya al'adar Turawa ce. Eh, Turawa sun zo sun rubuta mu. Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, Heinrich Barth ya zo a 1851, kuma har gobe masana tarihi suna jingina da abin da suka rubuta kan kasuwar Kurmi da rini da saƙa. Amma a cikin ayarin Barth akwai wani yaro Bahaushe daga yankin Damagaram, Dorugu, wanda aka kama aka bautar, daga baya aka 'yanta shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya tsallaka Sahara, ya isa Ingila a 1855. A can ya zauna ya ba wani malamin mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Wato yaron da aka ɗauka ɗan rakiya shi ma yana kallon Turawa yana adanawa, kamar yadda suke kallon mu. A nan Kano ya ƙare rayuwarsa.

Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama kan tafiyarsa Turai. In kana son wannan sana'a ba ka karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, to ka rage awa biyu daga TikTok ka nema. Abin da za ka lura shi ne ba jerin garuruwa suke yi ba. Suna ganin abu, su auna shi da na gida, su faɗi ra'ayinsu, wani lokacin su yi wa kansu dariya.

Wuri ba labari ba ne

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, ni ma a nan na fara faɗuwa. Saƙon farko da na taɓa tura wa wata mujalla, cewa na yi ina so in rubuta musu labarin Kano, birni mai tarihi, cibiyar kasuwanci, ga Dala ga Kurmi ga marinar Ƙofar Mata ga hawan Sallah. Na zauna ina duba imel kamar mai jiran sakamakon JAMB. Shiru. Na yi fushi, na ce wariya ce. Sai daga baya da na shiga intanet na ga sau nawa aka rubuta wannan labarin, da hotunan karofi iri ɗaya, na gane ni ne ban kai musu komai ba. Noo Saro-Wiwa ma ta zo Kano ta rubuta ta a littafinta Looking for Transwonderland da ya fito a 2012. Me zan ƙara a kai in dai yawon buɗe ido zan maimaita?

Edita ba gari yake saya ba. Abin da yake saya shi ne mutum, ko wani abu da yake motsi daga nan zuwa can, ko tambayar da mai karatu zai so jin amsarta. Ita Kano suna ce kawai. Amma lemon da ya taso daga Binuwai ya zo Na'ibawa, rabinsa ya zama kuɗi wani kason ya zama shara, wannan labari ne.

Kuma a wannan fannin Allah ya yi wa ɗan Kano gata, domin unguwannin masana'antu uku da muke wucewa ba ma ko waiwaye, Bompai da Sharaɗa da Challawa, cike suke da kayan da suke tafiya mai nisa. Ɗauki fata. Jar akuyar Sakkwato ta daɗe da suna a duniya. Tun zamanin fatake ake jeme fatarta a ƙasar Hausa, a ɗora wa raƙuma a tsallaka Sahara, ta shiga Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, shi ya sa Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Sunan ya tafi ga wanda ya kai kasuwa, wanda ya yi kiwo ya yi jima aka manta da shi. Yau raƙumi ya ba kwantena wuri, amma tafiyar tana nan: daga mahauta, zuwa hannun masu sa gishiri da dillalai, zuwa kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa, daga nan a yi Legas, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Italiya da Sifaniya. Can a ɗinka takalmi ko jaka a buga sunan wani kamfani, wataƙila ma wani ɗan gayu ya sayo ya dawo da ita Kano yana taƙama da kayan waje.

Ka ga a nan kaɗai labari nawa ne? Akwai na majemin gargajiya da har yanzu da bagaruwa yake aiki, da badukun Ƙofar Wambai da yake kukan tsadar fata a garin da ake fitar da fata. Akwai na gasar da ke tsakanin kamfanin jima da tukunyar ganda, domin fatar saniyar da aka ci ba za ta zama takalmi ba. Akwai kuma mai ɗaci, na ruwan da yake fitowa daga masana'antun ya bi magudana ya shiga rafuka, da manoman rani da suke ban-ruwan latas da kabeji a gefensu, da mu da muke saye a kasuwa. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha yin nazari a kan wannan ruwan, amma nazarin yana kwance a ɗakin karatu da Turancin da babu mai karantawa. Wanda zai bi magudanar da ƙafarsa, daga bayan katangar kamfani har zuwa gonar, ya rubuta abin da hancinsa da idonsa suka gaya masa, sannan ya je wa masanin ya fassara masa, shi ake nema.

Bompai kuma wani labarin ne daban, na abin da ya shuɗe. Ita ce tsohuwar unguwar masana'antu, tun zamanin Turawa, lokacin da jirgin ƙasa da dalar gyaɗa suke riƙe da garin. Tambayi iyayenka yadda Kano take kafin matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986, kafin matsalar wuta da kwararowar atamfar waje su durƙusar da masaƙu. Yau in ka zaga za ka tarar da wasu kamfanonin suna aiki, wasu an kulle, wasu sun koma sito ana ajiye kayan da aka shigo da su daga Sin. Nemi tsohon ma'aikacin masaƙa, suna nan da yawa, wani yana gadi wani yana tuƙa ɗan sahu. Ka roƙe shi ya zaga da kai, ya nuna maka ƙofar da yake shiga, inda mai abinci take zama, inda ake biyan albashi. Tafiyar ba ta fi kilomita biyu ba, amma ta shekara arba'in ce.

Ke kuma 'yar'uwa, kar ki ce wannan harkar maza ce. Akwai ƙofofin da ke kaɗai za su buɗe wa. A sito-sito na Kano mata ne suke zama suna tsince zoɓo da riɗi kafin a zuba a buhu a fitar waje. Zoɓon nan da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta, babbar kasuwarsa Meziko ce, inda su ma suke jiƙa shi su sha kamar mu. Matar da take tsince shi daga safe zuwa yamma, ta san inda yake zuwa? Nawa take komawa da shi gida? Wa yake riƙe mata yara? Namiji in ya je da littafi da biro, gaisuwa kawai zai samu. Ki tuna littafin Baba of Karo, da ya fito a 1954, wanda har yau ake karantawa a jami'o'in duniya kan rayuwar matan Hausa: mace ce, Mary Smith, ta zauna da tsohuwar ta rubuta shi, domin mijinta mai binciken ba shi da ikon shiga cikin gida.

Yadda ake tallata labari ga edita

Mujallu ba sa son ka rubuta labari gaba ɗaya ka jefa musu, musamman na waje. Abin da ake yi shi ne tayi: gajeren saƙo ta imel da zai gaya wa edita me kake son rubutawa, me ya sa yanzu, kuma me ya sa kai. Sakin layi uku ko huɗu ya isa. Ban da doguwar gaisuwa, ban da tarihin makarantun da ka yi, ban da roƙon a taimaka maka don Allah. Ba taimako ka zo nema ba, haja ka kawo.

Misali, ka ce: kowace safiya motocin lemo daga Binuwai suna sauke kaya a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, kuma wani kaso yana ruɓewa kafin ya iso. Ina so in bi mota ɗaya daga gona zuwa kasuwa, in nuna inda kuɗin yake zubewa a hanya da wanda yake ɗaukar asarar. Na riga na yi magana da direba da dillalai biyu, sun amince. Zan kawo kalma dubu ɗaya da ɗari biyar da hotuna cikin mako uku, kafin azumi, lokacin da cinikin ya fi zafi. Ni mazaunin Kano ne, Hausa harshena ce, ga rubutuna biyu na baya. Shi ke nan. Lura da jimlar nan ta na riga na yi magana da su. Ita ce take raba mai mafarki da mai aiki.

Kafin ka tura, ka karanta mujallar. Wallahi wannan shi ne abin da aka fi raina wa kuma shi ya fi kashe tayi. Ka karanta labarai goma nasu, ka ga tsawonsu, ka ga irin abin da suke so, ka duba ko sun taɓa buga irin naka kwanan nan. Da yawa suna da shafin da suka bayyana yadda ake turo musu tayi, ka bi shi daidai. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna musu sau ɗaya cikin ladabi. In an sake shiru, ka gyara tayin ka kai gaba. Shiru da a'a su ne abincin yau da kullum a wannan sana'a, har ga waɗanda suka daɗe.

Ina za ka tura? Ka fara da gida. Aminiya, Premium Times Hausa, Leadership Hausa, Manhaja, da sauran jaridun intanet na Kano, nan za ka samu sunanka ya fito a saman labari, ka koyi yadda edita yake yanke maka sakin layin da ka fi so kuma ka haƙura. Daily Trust tana buga dogayen rahotanni a ƙarshen mako. In ka tara uku ko huɗu masu kyau, sai ka ɗaga kai: HumAngle a Abuja, The Republic a Legas, The Continent da ake rabawa ta WhatsApp, African Arguments, Al Jazeera ta Turanci, Rest of World in labarin ya shafi fasaha da waya. Kamfanonin jiragen sama ma suna da mujallun da ake ajiyewa a bayan kujera, irin Selamta ta Ethiopian Airlines, wanda jirginsu yake sauka a filin Malam Aminu Kano.

In gaya maka gaskiya ko da ba daɗi: kuɗin ya fi yawa a Turanci. Rubutun Hausa sau da yawa ladansa suna ne da godiya, ko ɗan abin sayen data. Wannan abin takaici ne, kuma ya kamata masu jaridunmu su dube shi, amma kar ya sa ka raina Hausar. Ita ce jarinka. Da ita dillali zai sake da kai, da ita za ka ji abin da aka faɗa a bayan abin da aka faɗa. Turancin kuwa ba sai na farfesa ba, gajerun jimloli masu tsabta sun fi dogon Turanci mai ƙamshin ƙamus. In ka ga dama ka yi amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira su duba maka nahawu, amma kar ka kuskura ka bar su su rubuta maka abin da ba ka gani ba. Manhaja ba ta san warin Challawa da rana tsaka ba, kuma ranar da edita ya kama ka da magana ɗaya ta ƙarya, ƙofar ta rufe, editoci kuma suna hira da junansu.

Shafinka ma ba wasa ba ne. Edita in ya ga tayinka, abu na farko da zai yi shi ne neman sunanka. Fati Abubakar daga Maiduguri da shafin Instagram ta fara, Bits of Borno, tana ɗaukar hoton rayuwar yau da kullum ta mutanen garinta a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai bam. Daga nan manyan kafafen duniya suka neme ta. Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya yi aikin jarida a Daily Trust, rahotonsa kan matan da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu ya fito a mujallar Granta ta Ingila, ya kuma ci lambar Michael Elliott a 2018. Dukansu abin da ke kusa da su suka rubuta. Kai fa, in aka buɗe shafinka yau, me za a tarar? Faɗan Arsenal da Man U da zagin 'yan wata jam'iyya?

Maganar kuɗi, da maganar mutane

Kunya tana cutar da mu a nan. An ce maka an karɓi tayinka, murna ta sa ka manta tambayar nawa ne. Ni na taɓa yin haka da wata mujalla. Na kashe kuɗin mota da na abinci daga aljihuna, labari ya fito da kyau, 'yan'uwa suka yi ta yaɗawa, amma da na tambayi haƙƙina sai aka ce ai ba mu yi maganar kuɗi ba. Kuma gaskiya ne, ba mu yi ba. Tun daga ranar, kafin in ɗaga ƙafa sai na samu amsa a rubuce: nawa za a biya, kalma nawa ake so, hotuna a ciki suke ko daban, wa zai ɗauki kuɗin mota da masauki, yaushe kuɗin zai shigo, bayan miƙa aiki ko bayan bugawa. Ka tambaya kuma in sun fasa bugawa bayan ka gama aiki, akwai wani kaso da za su ba ka? Mujallu masu tsari suna da wannan. Ka tambaya ko kana da ikon fassara labarin ka buga da Hausa daga baya. Bayan an buga ka tura takardar neman biya mai sunanka da lambar asusunka da kwanan wata. Masu biya daga waje kan buƙaci asusun dala ko irin su Payoneer, ka shirya tun kafin a tambaya, kuma ka sa a ranka kuɗin yakan ɗauki wata ɗaya ko biyu, wani lokacin fiye.

Saboda haka kar ka ajiye aikinka, ko shagon POS ɗinka, ko karatunka, don labari ɗaya ya fito. Wata ɗaya ka samu biyu, wata uku ka samu babu. Mafi yawan masu zaman kansu suna haɗawa da fassara, ko ɗaukar hoto, ko gyaran rubutu.

Akwai wani aikin da zai zo maka da zarar an san ka: ɗan jaridar waje ya sauka Kano yana neman wanda zai yi masa jagora, ya nemo masa mutane, ya yi masa tafinta. Aiki ne mai kyau, ana koyon abubuwa, amma aiki ne, ba kara ba. Ku yanke kuɗin kowace rana tun farko, kuma in kai ka nemo labarin ka nemi a sa sunanka. Shi zai hau jirgi ranar Juma'a. Kai za ka ci gaba da haɗuwa da mutanen nan a masallaci da kasuwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi kuɗi nauyi. Ƙofar kamfani ba ƙofar kasuwa ba ce. Kar ka ɗaga waya a bakin get kana bidiyo, mai gadi zai karɓe ta kuma babu mai ba ka gaskiya. Ka rubuta takarda ka nemi izini, ko ka bi ta ƙungiyar masu masana'antu ko ta ma'aikata. In an hana ka shiga, mai abincin bakin get da mai shayi da ɗan sahun da yake kwasar ma'aikata sun san abin da manaja ba zai faɗa maka ba. Amma ka sani, da yawa daga cikin ma'aikatan nan 'yan kullum ne, babu takardar ɗauka aiki. Leburan da ya nuna maka hannunsa da sinadari ya ci, in ka sa fuskarsa da sunansa a intanet, kai za ka samu laik dubu, shi kuma gobe a ce kar ya shigo. Ka gaya masa ƙarara inda labarin zai fito, ka tambaye shi ko a ɓoye sunansa, ka gaya wa editanka ka ɓoye da dalili. In za ka naɗi murya ka nemi izini. In kuma za ka ce wani kamfani ya yi kaza, ka tabbata kana da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali, kuma ka je ka ji ta bakinsu ka rubuta amsarsu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen kama masu rubutu, kuma ko da aka yi masa gyara a 2024, kai da ba ka da lauyan kamfani a bayanka ya kamata ka fi kowa taka-tsantsan.

Haka batun hanya. In za ka bi motar kaya zuwa Kudu, wani a gida ya san lambar motar da lambar direban da garin da za ku kwana. Ka bi shawarar direba kan inda ba a bi da dare, ya fi taswirar wayarka sanin hanya. Ka riƙe katin shaida, da ɗan littafi da biro, don caji yana ƙarewa a inda labari ya fi daɗi.

Ranar Asabar ɗin, ka tafi da kuɗin shayi na mutum biyu, naka da na wanda za ka zauna kusa da shi. Zuwan farko kar ka yi tambaya da yawa, ka sayi lemo, ka gaisa, ka riƙe suna uku a kanka. Da ka dawo gida, kafin ka buɗe WhatsApp, ka rubuta shafi biyu na abin da ka gani da abin da ka ji, har da farashin da aka faɗa maka da wanda aka sallama. Ka koma Asabar ta gaba. Kuma ka fita da wuri, don in ka kai ƙarfe tara manyan motocin sun gama saukewa, direbobin sun shige ƙarƙashin mota suna barci.